Motar Gwanjo da Shanun Huɗar Baba

Babana dillalin shanu ne a karar Sabon Birni, kuma tun kafin in san dama da hagu yake wannan sana'a. Ko keke bai iya tuƙawa ba. Idan na goya shi a babur yakan damƙe rigata ta baya da hannu biyu, yana ta cewa in rage gudu alhali jakuna na wuce mu. To wannan mutumin ne ya wayi gari da mota a ƙofar gidansa, kuma ni ban taɓa sunkuyar da kai ba idan ana labarin. Da ƙirji a buɗe nake ba da shi.

Wanda bai san kara ba, wato kasuwar dabbobi, sai ya ɗauka dillali mutum ne mai yawan surutu da ke jiran la'ada kawai. A wurinmu abin ya fi haka nauyi. Baƙo zai zo da saniya, mai saye bai san shi ba. Dillali ne zai duba dabbar, ya bincika waye mai masaukin baƙon a gari, sannan ya ce, "Na tsaya." Daga wannan lokaci, idan saniyar ta fito ta sata ce, ko tana da ciwon da aka ɓoye, aka nemi mai ita aka rasa, to wuyan dillali ta hau. Shi zai karɓi dabbar ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Babu inda aka rubuta wannan doka, amma kowa ya san ta. Da wannan kalmar Baba ya ciyar da mu, da ita ya yi mana aure, kuma ba a taɓa jin ya faɗe ta ta faɗi ƙasa ba.

Baba yana da amini a Isa, wani Alhaji ɗan kasuwar hatsi. Tun suna samari suke tare, kuma ko ragon layya Alhaji ba ya saye sai Baba ya buɗe bakin ragon ya duba haƙoransa. Motar da Alhaji ya fara mallaka a duniya a-kori-kura ce irin ta Faransa, fara, mai giya a jikin sitiyari. Da ita ya yi jigilar gero daga Isa zuwa Bafarawa da ƙauyukan bakin iyaka, a lokacin da hanyar ba ta wuce sawun shanu ba. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya sayar da ita. Yanzu ga shi ya tsufa, ga motoci masu sanyi a ƙofar gidansa, amma bakinsa bai bar waccan ba. Kowace hira aka ɗauko, ko ta ruwan sama ce, sai ya karkato da ita ta faɗa kan a-kori-kurarsa.

Ni kuwa kayan babur nake sayarwa kusa da tasha, kuma ina da babbar waya. A idon tsofaffin nan biyu, wannan ya isa ya mai da ni masanin duniya da abin da ke cikinta. Wata rana Alhaji ya zauna a bencin shagona ya ce in bincika masa ko irin motar nan ta saura a doron ƙasa. Na yi ta lalube har na faɗa wani shafi da ake gwanjon tsofaffin motoci, irin waɗanda masu sha'awa ke saye don marmari. Sai ga ta. Fara tas, tana sheƙi a gindin wata bishiya, an ɗauke ta ta gaba da ta baya da ta gefe. Alhaji ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa, ya mayar, ya ƙura wa wayar ido har na ji tsoron kada ya shige ciki.

"Ita ta, aradu ita ta," in ji shi. "Ko ƙanwatta ta."

Motar tana wani birni can kudu. A shekarun nan kowa ya san yadda hanyoyinmu suke, ba a fita sai da dalili mai ƙarfi da addu'a mai yawa. Babu wanda ya kawo maganar a je a gano ta da ido. Alhaji dai ya ce ba zai sa hannu ba sai amininsa yana wurin, domin bai taɓa sayen babban abu ba tare da shi ba.

Ranar da za a rufe gwanjon, su biyu suka zauna a shagona bayan azahar, aka kawo shayi. Na yi rajista da lambata, na sa tayin farko da Alhaji ya faɗa. Ba a jima ba wani ya ɗora a kai. Alhaji ya ce in ƙara. Na ɗaga yatsa ke nan sai Baba ya riƙe mini hannu.

"Tsaya. Wani na cikin ciniki."

Na ce, "Baba, ai gwanjo ke nan. Kowa ɗorawa yake, wanda ya fi shi ke ɗauka."

"Ba a taya bisa tayin wani," in ji shi. "Bari shi gama. In anka yi mai albarka, mu shiga."

Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Na ce ba mutum ne a tsaye ba, lamba ce kawai ke motsi, wataƙila ma mai motar ne ya sa abokansa suna hura farashi. Baba ya ce ko aljani ne, tunda ya riga ya buɗe baki sai a jira shi. Ina da saurin fushi, kowa ya sani, kuma ranar saura ƙiris in yi jifa da wayar cikin kwandon fulogi. Muna kallo lokaci ya cika, shafin ya nuna an sayar. Alhaji ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya bar shayinsa ko rabi bai sha ba, ya koma Isa ba sallama mai daɗi.

Washegari da hantsi sai ga kira. Wani mutum ne da Turanci da gutsuren Hausar kasuwa, ya ce shi ne mai motar. Wai wanda ya ci gwanjon ya janye, kuma tunda mun nuna sha'awa, zai ba mu ita kai tsaye ba sai an bi ta shafin ba, har da rangwame tunda babu kason masu shafi. Da na kai wa Baba labari, murmushin da ya yi ya fi ƙarfin fuskarsa.

"To ka gani? An yi mai albarka. Yanzu ciniki namu na."

Aka aika wa Alhaji, ya zo da saurinsa. Kada wani ya ce Baba ya yi sakaci, domin duk abin da ya san dillali na yi, sai da ya yi. Ya ce a tayar da motar mu ji, aka turo bidiyo tana ruri lafiya lau. Ya ce a zagaya da ita mu ga tafiyarta, aka turo. Ya ce a buɗe bakinta, yana nufin murfin inji, aka buɗe. Sannan ya zo kan tambayar da ta fi kowace girma a wurinsa. Ya ce in tambayi mutumin waye mai masaukinsa, wa zai tsaya masa.

Mutumin bai gane ba da farko. Na yi masa bayani, ya ce zai sake kira. Da la'asar ya kira, ya ce ga wani dattijo zai yi magana da mu. Na buɗe muryar wayar don kowa ya ji.

Har yau ina jin muryar nan a kunnena. Tsoho ne, kuma harshenmu ne tsantsa a bakinsa, babu gauraye. Ya yi sallama, ya gaida Baba gaisuwa mai tsawo irin ta manya, ya tambayi gida da iyali da dabbobi. Ya ce shi mutumin wajen Kamarawa ne, ya daɗe a zangon kudu yana harkar shanu. Ya tambaya ko gulbi ya yi ɓarna bara, ya tambaya yadda gero ya yi. Ya ce rabonsa da fura mai kyau har ya manta. Baba ya gyara zama, fuskarsa ta saki kamar ya ga ɗan uwansa ya dawo daga tafiya.

"Na san yaron ga," in ji muryar. "Motag ga da idona nig gane ta. Ku saya ba shakka. Na tsaya mai."

Duk tsawon zaman Baba a kara, bai taɓa jin mai irin wannan harshe ya faɗi wannan kalma da wasa ba. Ni kaina hankalina ya kwanta, na ji kamar mun sami namu a can. Baba ya juya ya dubi amininsa.

"Alhaji, biya. Na tsaya."

Aka tura kuɗi.

Motar ta iso a bayan wata tirela da ta kai albasa kudu tana dawowa wayam. A Sabon Birni aka sauke ta, a filin da ke gaban gidanmu, don Alhaji ya ce daga ƙofar amininsa yake so ya tuƙa ta zuwa Isa. Jama'a suka taru, masu acaba suka kashe baburansu suka zo kallo. Daga nesa, wallahi, ta yi kyau. Alhaji ya sha babbar riga da hula sabuwa, ya shiga ya zauna, ya shafa sitiyari, ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba.

Aka kira bakanike. Ya buɗe murfin inji ya duba. Ya danna babban yatsansa a ƙasan ƙofa, sai fenti ya ɓurme, wani farin gari ya zubo, tsatsa ta leƙo daga ciki. Ya ɗaga tabarmar roba ta ƙarƙashin ƙafar direba, sai ga kwanon rufin ɗaki an yanka an liƙa a inda ƙarfe ya cinye. Injin ba nata ba ne, kuma ya daskare tun ba yau ba. Lambar da ke jikin ƙarfenta daban, wadda ke cikin takardun da aka haɗo mu da su daban. Na nuna masa bidiyon da aka turo mana, ya kalla sau ɗaya ya miƙo mini wayar, ya ce waccan wata mota ce, wannan wata ce.

Na kira mai motar, waya a kashe. Na rubuta wa masu shafin, suka ce cinikin da aka yi a bayansu ba ruwansu da shi. Na hau babur na je Kamarawa, na bi unguwa-unguwa ina kwatanta wani tsoho da ya daɗe a zangon kudu, babu wanda ya san da zamansa. Mun kai ƙara inda ya kamata, aka saurare mu, aka ce mu jira.

Alhaji ya ɗauki abin da girma. Ya ce ƙaddara ce, kwaɗayinsa ne ya ja, kada wanda ya sake tayar da maganar. Amma gari ba ya jin irin wannan umarni. A kara sai aka fara kiran Baba dillalin mota. Wani ya ce a kawo masa tirela ya duba haƙoranta. Wasa ne, na sani, amma kowane ɗaya sai na ji shi kamar mari, kuma sau biyu ana riƙe ni. Baba bai tanka wa kowa ba. Abin da na lura da shi kawai, idan an kawo masa saniya yakan duba ta, ya faɗi abin da ya gani, amma ya daina cewa ya tsaya. Sai ya tura mutum wurin wani dillali ya ƙarasa.

Muna da shanun huɗa guda biyu, ja da fari. Ni na yi kiwonsu tun suna maruƙa, ni nake bin bayansu da garma kowace damina, kuma daga gonar nan gidan Baba da nawa suke ci. Lokacin an riga an kai taki gona, hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma. Wata rana bayan la'asar ina ba su dusa, Baba ya zo ya tsaya a bayana.

"Ran kasuwa ka kai su kara."

Na juyo. Na san abin da yake nufi tun kafin ya ƙarasa, sai na ji jini ya hau mini kai. Na ce Alhaji ya yafe, kowa ya ji. Na ce Alhaji yana da rumbuna cike, wannan asara ba za ta hana shi barci ba, mu kuwa damina ce gaba ɗaya za mu yi wa yankan rago. Na ce dokar kara ta shanu ce, ba ta ƙarfe ba, kuma babu mahaluƙin da zai kama shi da cinikin da aka yi ta waya da mutanen da ko fuskarsu ba a gani ba. Na ɗaga murya fiye da yadda ɗa ya kamata ya ɗaga a gaban ubansa.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Waya tac ce ta tsaya, ko ni nic ce?"

Na juya wajen shanun, shi kuwa ya ci gaba.

"Da ban hwaɗi ba, da Alhaji bai biya ba. Motag ga tawa ta yanzu."

Labari ya kai Isa, Alhaji ya zo a fusace. A zaure suka zauna, ina daga waje ina jin su. Alhaji ya ce Baba yana so ya kunyata shi a idon duniya, a ce ya karɓi shanun noman amininsa ana gab da shuka. Ya ce ko an kawo kuɗin ba zai taɓa su ba. Ya rantse, ya sake rantsewa. Baba ya ce ya ji, amma dai ya zo kara ranar kasuwa. Tsofaffi biyu masu furfura suna faɗa a kan wanda zai ɗauki asara, kowa na ja ta koma kansa. Duk da baƙin cikin da nake ciki sai da dariya ta kusa kuɓuce mini.

Ranar kasuwa na ja shanun da sassafe. Farin yana ta goga kansa a kafaɗata kamar kullum, ni kuwa na kasa duban idonsa. Dillali ba ya sayar da dabbarsa da bakinsa, don haka Baba ya karɓi igiyar daga hannuna ya miƙa wa wani dillali, kuma ba kowa ya zaɓa ba sai wanda suka fi daɗewa ba sa ga-maciji. Shi kansa mutumin sai da ya dubi Baba sau biyu kafin ya karɓa. Mutanen kara suka zubo mana ido, domin kowa ya gane abin da ake ciki.

Lokacin shanun huɗa ne, masu nema sun fi masu sayarwa. Wani manomi daga wajen Bafarawa ya zagaya su, ya duba ƙafa da baki da wuya, ya taya. Aka ce albarka. Ya ƙara, ya sake ƙarawa, har farashi ya kai inda zai rufe kuɗin Alhaji cif. Na sauke ajiyar zuciya. Dillali ya kamo hannun mutumin zai sallama.

"Dakata," in ji Baba.

Ya matso ya dafa jan sa a gindi.

"Malam, wanga jan, in ƙasa ta jiƙa ƙwarai, shina jan ƙahwar baya ta hagu in rana ta take. Da rani ba ka ganewa. Shina aiki, amma sai ka riƙa hutar da shi."

Gaskiya ne. Ni da shi kaɗai muka san da wannan a duniya, kuma ba ciwo ne da za a dawo mana da sa saboda shi ba. Na ja hannun rigarsa ta baya har sai da ɗinkin ya yi ƙara. Bai ko waiwayo ba. Manomin ya dubi Baba, ya dubi san, ya rage tayinsa, kuma ban ga laifinsa ba. Baba ya ce a sallama. Kuɗin suka gaza, sai ya ce a je gida a kawo tumakinsa a haɗa. Aka kawo, aka sayar a nan take.

Alhaji ya zo, duk da rantsuwarsa. Yana tsaye can gefe a inuwar rumfa, ya harɗe hannu a baya. Baba ya taka har gabansa da kuɗin a cikin hularsa, jama'a na biye da shi da ido.

"Na ce ba ni amsa," in ji Alhaji.

"In ba ka amsa ba, yau ta ranata ta ƙarshe cikin kara. Ba ni iya duban mutum in ce mai na tsaya. Kahhwarar rantsuwarka ni ka biya."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zare hannayensa daga baya, ya karɓa da hannu biyu kamar mai karɓar jariri, ya juya fuskarsa ga bangon rumfa. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Masu kiran Baba dillalin mota suka sunkuyar da kai.

Baba ya mayar da hularsa kai, ya juya. Akwai wani Bafillace da ke riƙe da karsana tun ɗazu yana jiran a gama, ga mai saye a gefensa. Baba ya nufe su da tafiyarsa ta kullum, ya kama karsanar ya buɗe bakinta, ya shafa cikinta, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi Bafillacen gidan wa ya sauka, aka faɗa masa, ya aika aka kira mai gidan ya gan shi da idonsa. Sannan ya dubi mai saye ya faɗi kalmarsa da ƙarfi yadda na ji ta daga inda nake, mutumin kuwa ya sa hannu a aljihu ba tare da ya ƙara tambayar komai ba.

Ina tsaye a tsakiyar kara da igiya a hannuna, babu sa a jikinta. Na yi asarar shanun da na yi rainonsu, na san damina mai wuya ce ke jirana, kuma fushina bai gama sauka ba. Amma ban taɓa jin daɗin zama ɗan mutumin nan kamar wannan ranar ba, har na ji ina so wani baƙo ya tambaye ni ɗan waye ni. Na naɗe igiyar na rataya a kafaɗa, na nufi rumfar maƙera na sayo mana hauya biyu.